Rijiyar Ya Aisa

A da, idan ka yi sallama a gidan Yaji da ke unguwar Dogo Nini a Potiskum, kafin ka gama cire takalmi an miƙo maka ruwa. Ba kuma na randar tsakar gida ba, wadda yara ke tsoma hannu a ciki. Akwai wata 'yar randa a lungun zaure, a kan yashi mai danshi, an rufe ta da faifai an kifa mata kofin silba. Wannan ta baƙi ce, kuma ruwan bohol kaɗai ake zuba mata, wanda 'yan garuwa ke kawowa. Ni maƙwabcinsa ne, tela, shagona yana kallon ƙofarsa, amma tun muna da baƙin gashi har muka yi furfura ban taɓa samun matsayin shan ruwan randar nan ba. Na taɓa yi masa ƙorafi, ya ce, "Kai Bafulatani, yaushe bawa ya zama baƙo a gidan ubangidansa?" Na ce masa ai sai Babarbare ne zai yi rowa ya sa mata suna karamci. Haka muke da shi, kullum sai mun taɓa.

Yaji manomi ne, sai dai gonarsa ba ta taɓa ciyar da gidansa shekara guda cur ba. Ƙwadago ne ya riƙe shi. Shi ne babba a wata ƙungiyar 'yan ƙwadago da ke bin gonakin alhazan Potiskum, daga sharar gona zuwa shuka, noma, feshin maganin ciyawa, har a kai ga yankan gero da roron wake. Mutanensa suna ce masa Ba Yaji, wato Baba Yaji a bakin Barebari. Dogo ne baƙi, da tsagar Barebari da tsufa ya fara shafewa, tafin hannunsa kuwa in kun gaisa sai ka ɗauka ɓawon itace ka kama. Ba shi da yawan magana in ba da ni ba. Ya yi shekarunsa yana fita kafin rana ta fito, ya dawo bayan ta faɗi, ya tsaya a kemis ɗin bakin titi a haɗa masa maganin gajiya, ya kora da ruwa, gobe ma haka. Ban taɓa jin ya ce aikin ya yi masa yawa ba. Gajiyar da ta kayar da shi daga baya ba ta fartanya ba ce.

Mahaifiyarsa, Ya Aisa, ta girma ne a ƙauyen da mata ke kwana a bakin rijiya suna jiran ruwa ya taru. Wuyanta a ƙarƙashin tulu ya ƙare. Da ta kwanta ciwon ajali ba ta bar wasiyyar komai ba sai guda: in Allah ya hore masa, ya haƙa rijiya da sunanta, kowa ya sha. Allah bai hore masa abin sallamar mahaƙa ba, sai ya ɗauki diga shi da ƙaninsa Yunusa. Ƙasar Potiskum rowar ruwa gare ta, sai ka yi ta haƙa kamar za ka ɓulla wata duniya. Amma gonar Yaji da ke kan hanyar Fika tana da kwari a gindinta, inda ruwan damina ke taruwa daga gonakin da ke sama. Nan suka haƙa, rani guda, ɗaya a ciki ɗaya na jan ƙasa. Ranar da ruwa ya tsattsafo Yunusa ya zo har shagona da laka a gemu, ya ce in taso in ga aikin maza, ba zaman taka keke ba.

Ba a yi mata murfi ba, ba a sa mata kwaɗo ba. Yaji ya kafa gwafa ya rataye guga, shi ke nan. 'Yan ƙwadago suka sha, mata masu itace suka sha, 'yan uwana makiyaya masu koro shanu zuwa kasuwar Laraba suka sha suka shayar. Masu feshi ma a nan suke haɗa maganinsu, a nan suke wanke famfunan da suke goyawa. Da damina ruwan yakan yi ja kamar kunun kanwa, amma wanda ya yi rabin yini a duƙe ba ya duba launin ruwa. Sunanta ya bi gari, Rijiyar Ya Aisa. Duk wanda ya sha ya ce Allah ya ji ƙan mai ita, sai Yaji ya ji kamar an naɗa masa rawani. Yakan ce min, "Tsohuwa tana kwance lada na samunta. Kai me ka yi wa taka, ban da ɗinka mata kallabi a karkace?" Ba shi da wani abin alfahari a duniya da ya wuce rijiyar nan. Shi ya sa ranar da ya fara tambayar kansa ko ita ce ke kashe masa mutane, ya rasa wanda zai faɗa wa.

Yunusa ne ya fara. Ƙafafu suka kumbura, fuska ta riƙa hawa da safe, abinci ya daina yi masa daɗi, mutumin da ke tashi da kwanon tuwo shi kaɗai. Aka kai shi asibiti aka ce ƙoda ce, duka biyun sun gaji. Likita ya tambaya ko yana da hawan jini, babu. Ciwon suga, babu. To daga ina? Likitan ya ce shi ma bai sani ba. Mun saba jin labarin irin wannan ciwo daga wajen Gashuwa, muna cewa Allah ya kyauta, kamar abin da ke faruwa a wata ƙasa. Sai ga shi a zauren da ke kallon shagona. Aka shiga jigilar Damaturu wajen wankin ƙoda, a tafi da shi a jingine a dawo da shi a kwance. Ba zan tsaya faɗar abin da gidan ya gani ba, wanda ya yi jinyar ƙoda ya sani. Kafin a yanke geron shekarar muka kai Yunusa makwancinsa. Damina ta zagayo, wani daga cikin ƙungiyar ya bi shi. Sai wani kuma, saurayi da ko aure bai yi ba.

Daga nan kowa a unguwa ya zama likita. Ka zauna wajen mai shayi ka sha ilimi kyauta. Wannan ya ce sammu ne, alhazan da ke rikicin gona ne ke jifan juna, abin yana faɗawa kan talaka. Wancan ya ce maganin feshi ne. Wani ya ce haɗin kemis ne, wani ya ce rana ce ke dafa cikin mutum, wani ya ce ai ruwa ba ya tsami banza, a dai duba abin da suke sha. Duk sanda aka zo kan ruwa sai Yaji ya ajiye kofinsa ya ce yana da sammako. Ni dai abin da ke ƙona min rai shi ne, duk masu bakin nan ba wanda ya taɓa raka mara lafiya Damaturu.

Ana cikin haka masu bincike suka zo daga wata jami'a, a tsakiyar damina. Shugabarsu Dakta Jamilatu 'yar garin nan ce, a unguwar Bolewa aka haife ta, na ma san mahaifinta, na taɓa ɗinka masa babbar riga. Aka tara shugabannin 'yan ƙwadago a ƙofar mai unguwa. Ni ba manomi ba ne, amma tela ba ya bari a yi taro a bayan idonsa. Abin da ya burge ni da ita, ba ta zo da ƙarya ba. Ta ce, "Iyayena, ba mu san abin da ke kawo ciwon nan ba. Da mun sani da magani muka zo da shi, ba tambaya ba. Muna zargin abubuwa da yawa, zafin rana da ƙishirwa, maganin feshi, ƙwayoyin gajiya, da ruwan sha. Sai kun taimake mu za mu rarrabe." Suka ɗebi jini, suka karɓi fitsari, abin da ya sa dattawa suka yi ta kallon ƙasa. Da aka zo kan ruwan sha, motarsu ba ta iya shiga kwaruruka saboda taɓo, sai ta raba wa shugabanni fararen kwalabe masu murfi. Ta ce kowa ya ciko daga inda mutanensa ke sha a gona, ya kawo mata.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, Fanne matar Yaji ce ta faɗa wa matata ta kan katanga, bayan komai ya fito fili. Yaji ya je rijiyar ya ciko kwalbar kamar yadda aka ce. Ya shigo da ita gida ya ajiye a kan turmi. Fanne ta ɗaga ta a hasken rana, ga ruwa jawur, ga wasu 'yan ƙwari na iyo. Ta ce, "Malam, wannan za ka miƙa wa baƙuwa? 'Yar mutane ta taso takanas, likita guda, ka sa mata wannan a hannu? A ce daga gidan wa ya fito?" Ta juye shi a gindin darbejiya, ta wanke kwalbar da sabulu, ta cika ta daga randar baƙi, ta goge ta da gefen zaninta. Ita har ga Allah gyara ta yi. A gidan da ta tashi, ko mai tambayar hanya ne ya tsaya ba a ba shi ruwan da aka ga dama, balle jan ruwan gona. Yaji yana tsaye yana kallo, ya karɓi kwalbar ya kai wa likita a haka. Ni da na san shi, na yarda kunya ce ta rufe masa baki, amma a ƙarƙashin kunyar akwai tsoro. Bai so a ɗaga sadakar uwarsa a gaban jama'a a ce ga mai kisan ba.

Sai bayan girbi Dakta Jamilatu ta dawo da sakamako. A taron ƙofar mai unguwa ta ce cikin duk ruwan da aka kawo mata ba wanda ya kai na Rijiyar Ya Aisa tsabta, har ya ba ta mamaki. Wuri ya ɗauki kabbara. Aka yi ta miƙa wa Yaji hannu ana cewa albarkar uwa ce. Ni ma na miƙa nawa na ce, "Ashe Babarbare na iya abin kirki." Bai rama ba. Rannan na fara zargin akwai wata a ƙasa, don Yaji bai taɓa barin tsiyata ta kwana ba.

Labari ya bazu. Masu gonakin kusa suka bar nasu rijiyoyin suka dawo kan tasa, wasu har da jarkoki suke zuwa su kai gida, wai ruwan da likita ta yaba. Yaji ya shiga ramewa a tsaye. Ya fara ɗauro jarka daga gida a bayan tsohon babur ɗinsa, yana cewa babban ɗansa Siddiq ya riƙa shan wannan. Siddiq shi ne ƙarfin ƙungiyar, magidanci sabon aure, shi ke goya famfon feshi tun safe har azahar. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ruwan Kaka da aka yi wa tes aka ce ya fi na kowa? Ka bar wahalar da kanka." Ya zura guga ya sha a gabansa, ruwan na bin gemunsa. Yaji ya kau da kai. Faɗar gaskiya na nufin ya tona matarsa ya kuma ɓata sunan uwarsa, sai ya yi ta cewa gobe.

Da bazara masu binciken suka sake ɗibar jini don su ga ko an samu canji. Wannan karon aka kira Siddiq gefe. Aka ce ƙodarsa ta fara ja da baya, ya rage shiga rana, ya bar ƙwayoyin gajiya, a riƙa duba shi. A wannan zuwan ne Dakta Jamilatu ta ce tunda hanya ta bushe tana so ta ga rijiyar da idonta. Abin ya ɗaure mata kai, ƙungiyar da ta fi kowa tsabtataccen ruwa ita ta fi kowa marasa lafiya. Har ta fara tunanin cire ruwa daga cikin abubuwan da take zargi. Da safiyar ranar da za a je Yaji ya leƙo shagona ya ce, "Rufe ka raka ni." Babu Bafulatani, babu bawa. Na rufe na bi shi.

Muka isa rana ta take, irin zafin nan na Potiskum da ko ƙadangare ke neman inuwa. Akwai shugabannin wasu ƙungiyoyi da suka biyo mu, ga Siddiq da abokan aikinsa suna sharar gona. Da bazara ruwan rijiyar yakan kwanta ya yi haske, ba kamar na damina ba. Dakta Jamilatu ta leƙa, ta yi wa Ya Aisa addu'a, ta share gumi da gefen mayafinta. Ta ce, "Baba, a ba ni in sha, ni ma in samu albarkar tsohuwa." Siddiq ya ja guga da sauri ya cika kwano ya miƙa mata da hannu biyu. Ta yi bismilla ta kai baki.

"Kada ki sha."

Yaji ne, amma muryar kamar ba tasa ba. Ya matso ya karɓe kwanon ya kifar da ruwan a ƙasa. A garin nan a zagi mutum a yi sulhu, amma a karɓe ruwa daga bakin baƙo, a bakin rijiyar sadaka, wannan ban taɓa gani ba, kuma a ce wai Yaji ne.

"Baba, lafiya?" in ji ta.

"Ruwan da na kawo miki ba na nan ba ne," ya ce, idonsa a ƙasa. "Na randar baƙi ne, na gida."

"Don me, Baba?"

"Na damina ja ne, 'yata. Ba a ba baƙo irinsa."

Bai ambaci Fanne ba, har yau kuma bai taɓa ambata ba. Na zaci likitar za ta yi faɗa, don da ni ne da na yi. Sai kawai ta nemi bakin rijiyar ta zauna ta dafe kai. Can ta ɗago ta dubi sauran shugabannin ta ce, "Iyayena, don Allah, cikinku wa ya kawo min ruwan gona na gaskiya?" Aka shiga kallon-kallo. Ɗaya ya ce shi dai nasa ya tace da ƙyalle ya bar shi ya kwanta. Wani ya ce matarsa ta tafasa. Wani tsoho ya ce shi fiyawata ya saya ya juye, don kar a raina ƙauyensu. Ta yi wata dariya marar daɗi, irin ta wanda ya kai kaya kasuwa ya tarar ba ranarta ba ce. Ta ce, "A gidanmu ma akwai randar baƙi. Ni ya kamata in tuna." Aikin damina da rani ya tashi a banza. Siddiq kuwa yana nan tsaye. Guga na hannunsa yana ɗiga, yana kallon mahaifinsa.

Ta ɗebi ruwan da hannunta rannan, ta ce kuma sai ta dawo da damina ta ɗebi jan, ko da ƙafa za ta shigo. Yaji ya tambaye ta ko rijiyar ce. Ta ce, "Ba zan ce maka ita ce ba, Baba, ba kuma zan ce ba ita ba ce. Sai an auna." Ya je wajen limamin unguwa ya tambaya ko ya halatta a rufe rijiyar sadaka. Liman ya ce kare rai yana gaba, kuma Allah ya ga niyyar mai ita. Fatawa ba ta da nauyi a bakin mai bayarwa. Ni na riƙe masa gefen kwanon rufi ranar da ya kifa shi a bakin rijiyar ya danne da duwatsu. Ya sauke gugan daga gwafa ya naɗe igiyar, ya rasa inda zai ajiye, sai ya rataya a wuya muka taho.

Don kada ladan tsohuwa ya yanke, ya kafa duro kusa da rijiyar. Duk safiyar aiki sai ya ɗaure jarkoki a babur, ya ciko a bohol ya kai, ya dawo ya ƙara, mutumin da ya kamata a ce yana inuwa jikoki na wasa da gemunsa. Duron ba ya kai azahar. In ya ƙare, wasu sukan ture duwatsun su zura gugansu, don mai ƙishirwa ba ya jiran sakamako. Makiyaya suka yi ta ƙorafi, 'yan uwana ne amma sai na faɗa, ba su yi masa kara ba. A wajen mai shayi har aka samu mai cewa rijiya ta bayar guga ya hana. Waɗanda suka miƙa masa hannu jiya su ne suka ce ya yaudari likita ya shayar da mutane guba. Ya ji duka, ya ci gaba da jigilar jarkokinsa.

Sakamako na biyu ya cinye damina da kaka. Wannan karon ba a yi taro ba, zauren Yaji ta zo da kanta, Fanne ta miƙa mata kofin silba tana sunkuyar da kai. Ina wurin. Ta ce an ga burbushin maganin feshi a ruwan damina. Amma an ga irinsa a wasu rijiyoyin da masu shansu ke lafiya lau, kuma akwai masu ciwon da ba su taɓa shan na Ya Aisa ba. Mai yiwuwa ba abu ɗaya ba ne, ta ce, mai yiwuwa rana da ƙishirwa da ƙwaya da ruwa ne ke haɗuwa su kayar da mutum. Za su ci gaba da bincike in an samu masu ɗaukar nauyi. Ita ma ta rame, idonta ya faɗa.

"To in buɗe, ko in bar ta a rufe?" in ji Yaji.

"Da ni ce zan bar ta a rufe, Baba. Amma in ka ce in rantse ita ce, ba zan iya ba."

Na so in ji haushinta na kasa. Na so in ji na Fanne, na Yaji, na masu sayar da maganin feshi, haushin ya rasa wurin sauka. Da an ce masa rijiyar ce, da ya cike ta da ƙasa ya yi kukansa ya gama. Da an ce ba ita ba ce, da ya buɗe ya samu barci. Sai aka bar shi a tsakiya, da jarkoki a bayan babur.

Rage shiga rana da aka ce Siddiq ya yi bai yiwu sosai ba, mai iyali ne kuma a gona abincinsa yake. Kafin wata bazarar ƙafafunsa suka hau. Yanzu shi ake kaiwa Damaturu, a gadon da Yunusa ya kwanta ko na kusa da shi. Abin da wanda bai yi wannan jinya ba bai sani ba shi ne, mai wankin ƙoda ba a barinsa ya sha ruwa yadda yake so. Jikinsa ba ya fitarwa, in ya sha da yawa sai ya taru masa a ƙirji ya hana shi numfashi. Likitoci suka nuna ɗan abin da zai sha a yini, suka ce a tsare. Fanne ta ce ita ba za ta iya ba. Matar Siddiq kuwa da ya kalle ta sai ta miƙa masa. Sai tsaron ya faɗo kan Yaji.

Ranar da nake son faɗa, bayan la'asar ce, ana zafin da ya fi na bara. An shimfiɗa wa Siddiq tabarma a zaure don ya sha iska, na bar keke na tsallako in gaishe shi. Leɓɓansa duk sun tsage. Yaji na zaune tsakaninsa da lungun randa, bai daɗe da dawowa daga kai ruwa gona ba, ko ƙafa bai wanke ba.

"Baba, ko kurɓi ɗaya," in ji Siddiq.

"Ka sha na yanzu. Sai magariba."

Siddiq ya lumshe ido. Can ya ce, "Baba, ruwan Kaka ne ya jawo min wannan?"

"Ban sani ba, Siddiq. Wallahi ban sani ba."

Sai ga sallama. Wani direban tirela ne, baƙo, yana neman gidan wani mai gyaran birki, gumi ya jiƙe masa riga. Kafin ya gama tambaya Yaji ya riga ya ɗaga faifai, ya cika kofin silba, ya miƙa. Ba da tunani ya yi ba, hannun ne ya saba. Mutumin ya tsuguna ya kafa kai. Ana jin wucewar ruwan a maƙogwaronsa, ƙwat, ƙwat. Ya sauke kofi ya yi ajiyar zuciya, ya ce kai, wannan ruwa da sanyi yake, Allah ya ji ƙan iyaye. Siddiq bai ɗauke ido daga kofin ba har aka kife shi. Sannan ya juya fuskarsa bango.

Da baƙon ya tafi Yaji ya daɗe a zaune. Sai ya tashi ya rungumi randar, da ruwanta da faifanta, ya fita da ita. Na bi shi. Ya tsallaka titi yana tangaɗi, ya dire ta a lungun shagona bayan keke, ya kifa mata kofin.

"Ta zauna a wajenka," ya ce. "In baƙo ya yi sallama zan turo maka shi." Ya tsaya a bakin ƙofa yana maida numfashi. "Kai ma ka sha in kana so. Ka daɗe kana nema."

Na buɗe baki in ce masa sai yau Babarbare ya san darajar ubangidansa, maganar ta ƙi fita. Ya koma ya zauna kusa da ɗansa. Randar tana nan a shagona, kullum ina sa a cika ta, baƙinsa suna sha suna yi wa Ya Aisa addu'a. Ni har yau ban iya kai kofin bakina ba.